Tsagar da Na Juya Baya

Ranar wata Alhamis da yamma na ga tsagar. Na dawo daga kantin maganin da nake aiki, na zauna a falo na ɗauko takobina na gora zan shafa masa mai kamar yadda na saba, sai na ji wani abu ya ɗan kama mini yatsa kusa da bakinsa. Na kai shi gaban taga. Tsaga ce siririya, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Na danna ta da babban yatsa ta buɗe, na saki ta rufe. Na daɗe a tsaye ina kallonta, domin na san abin da doka ta ce a yi da takobi mai tsaga, na kuma san washegari wace rana ce.

Kendo wasan takobi ne na Japanawa. Ana sa kwalkwali mai ragar ƙarfe a fuska, da sulke a ƙirji, da safar hannu mai kauri, mutum biyu su fuskanci juna kowa yana neman ya riga ɗan'uwansa sara a ka, ko a wuyan hannu, ko a kwiɓi. Takobin gora ce aka faskara gida huɗu, aka haɗa ɓarin huɗun aka ɗaure da fata da tsirkiya. Na fara shi ina da shekara arba'in da shida, shekarun da sa'o'ina suke fara neman kujera mai jingina a masallaci. Matata ta yi mini dariya har ta gaji, ta ce ta baro Katsina da mai haɗa magani, ga shi Madina ta mayar mata da shi ɗan tauri. Ban damu ba. Ni mutum ne da ba na son a fi ni, ko a cin tuwo ne, kuma na sami wurin da wannan halin nawa yake da amfani.

Malaminmu Bazazzage ne, malamin jami'a a fannin injiniya, wanda ya yi shekaru yana karatu a Japan ya dawo da wasan a jikinsa. Mu bakwai ne ɗalibansa. Wani mai gonar dabino a unguwar Al-Awali ya ara mana rumfar da yake tara dabino idan an yi girbi, muka shimfiɗa mata katako, muke haɗuwa duk Juma'a bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga. Malam ba mai yawan faɗa ba ne. Za ka iya makara, za ka iya manta sunan sara da Japananci ka kira shi da Hausa, duk zai kawar da kai. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. Iskar Madina busasshiya ce, tana tsotse gora har ta zama kamar karan dawa, kuma gorar da ta bushe idan ta karye tsini take yi, tsinin kuwa yana wucewa ta tsakanin ragar kwalkwali. Saboda haka takobi mai tsaga ba ya shiga rumfar, komai ƙanƙantar tsagar. Kuma kafin a fara, kowa zai miƙa wa abokin karawarsa takobinsa ya duba masa, ɓari-ɓari, da yatsa. Malam yakan ce takobinka ba kai yake duka ba, don haka ba kai za ka ce lafiyarsa ƙalau ba.

Washegarin wannan Alhamis Malam zai zaɓi mutum biyu da za su je Jidda jarrabawar hawa mataki. Shekarar da ta wuce ya tsallake ni, ya ce ƙafata tana riga hannuna, kuma na shekara cur ina jin zafin maganar. Ina da wani takobin a ajiye, amma mai nauyi ne, duk ranar da na yi wasa da shi sai kafaɗata ta kwana tana zogi, saran kuma ya riƙa zuwa a makare. Sababbin da muka yi oda ba su iso ba. Wannan mai tsagar shi ya san hannuna, shekara biyu muna tare.

Na kwance fatar da tsirkiyar, na raba ɓarin huɗun a kan tabarma. Na goge bakin tsagar da sanfefa har ta kwanta, na shafe ta da man zaitun, sannan na juya ɓarin ya koma baya, ƙarƙashin tsirkiya, gefen da ba shi ake sara da shi ba. Na mayar da komai na ɗaure. Na ce wa kaina safiya ɗaya ce kawai, daga gobe zan jefar da shi. Ni da nake wuni ina yi wa mutane faɗa kan maganin da kwanansa ya ƙare da kwana biyu, ni ne na zauna na yi wannan da hannuna, kuma na yi shi da kyau, irin aikin wanda ya san abin da yake yi.

Saura duba. Idan Malam ne ya karɓi takobin, ko wani likita ɗan Sudan da ke cikinmu, to asirina ya tonu, don su biyun murɗa gora suke yi suna sa ido a kowane lungu. Amma akwai wanda na san ba zai yi haka ba.

Direban bas ne, ɗan shekara talatin da biyar, mai mata da 'ya'ya uku. Haihuwar Madina ne, ɗan ƙasa, kakan mahaifiyarsa ya zo aikin hajji daga Katsina a ƙafa bai koma ba. Ranar da mahaifiyar ta ji daga inda na fito ta ce ai ta ga ƙaninta, tun daga nan nake ce mata Yaya, shi kuma yake ce mini Kawu. Hausarsa ta tsofaffi ce, wadda ya tsinta a bakin kakarsa, rabinta Larabci, kuma bai taɓa ce mini "kai" ba, sai "ku". Ba ya zama idan ina tsaye. Aikinsa ɗaukar alhazai daga Bi'ir Ali, inda suke ɗaura harami, ya kai su Makka, kuma yana son aikin nan kamar me. Ni na jawo shi kendo. A cikin wata shida ya fi ni sauri, abin da ban yafe masa ba sai a baki.

Da safen muka isa gonar gari bai gama wayewa ba, ma'aikata suna buɗe ruwa a gindin dabino. Muka sa kaya. Da Malam ya ce a yi sahu biyu, na yi kamar ina gyara ɗaurin sulkena, na bari likitan ya wuce gaba, na matsa na tsaya daidai gaban direban. Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, yau ku ji tausayina, wallahi jiya sau biyu na yi hanyar Makka."

Muka yi musanyar takuba. Na karɓi nasa na bi shi ɓari-ɓari, na murɗa, na ɗaga shi sama na leƙa, har na yi masa faɗa cewa tsirkiyarsa ta yi sako-sako. Ya ba ni haƙuri. Nawa kuwa ya shafa shi sau ɗaya daga gindi zuwa baki, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Tamam, Kawu, lafiya ƙalau." Na karɓa. Raina ya yi sanyi, kuma har yau wannan sanyin da na ji shi ya fi komai ba ni kunya.

An fara da saran gwaji, ba abin da ya faru. Kowane sara na yi sai na kasa kunne ko zan ji ƙarar gorar ta canza. Ba ta canza ba. Kafin a zo karawa na riga na manta da ita, idona yana kan Malam, shi kuma yana tsaye a gefe da hannu a baya yana kallon ƙafafunmu. Muka shiga. Direban ya same ni a wuyan hannu tun ban shirya ba, na ji haushi ya taso mini har wuya. Na matsa masa. Na ga ya ɗan ɗaga hannu, na yi kururuwa na kai masa sara a ka da duk ƙarfina, shi kuma ya ɗaga takobinsa ya tare. Gora ta haɗu da gora, na ji wata ƙara da ban taɓa ji ba, kuma jikina bai tsaya ba, don an koya mana idan ka yi sara ka bi shi da gudu. Na bi shi. Ɓarin da ya karye ya shige ta ragar kwalkwalinsa.

Bai yi ihu ba. Ya saki takobi ya durƙusa a kan gwiwa, hannayensa biyu a sama kusa da fuska amma bai taɓa ba, yana ta maimaita sunan Allah a hankali. Likitan ya riga kowa isa, ya daka tsawa kada wanda ya zare komai. Muka yanke igiyoyin kwalkwalin ta baya, muka janye shi a hankali, ni ina riƙe da kansa. Wani ɗan sartse ya karye ya tsaya a idon dama, jini yana bin gefen hanci. Likitan ya kifa masa kofin takarda a kan idon ya ɗaure, ya rufe ɗayan ma don kada ya riƙa motsa su. A motata muka kai shi asibiti. Duk tsawon hanyar yana kwance a baya, kansa a cinyar likitan, sau ɗaya ya yi magana. Ya ce da Larabci, "Idon tuƙi ne, ya Rabbi." Na riƙe sitiyari na yi kamar ban ji ba.

Aka shiga da shi tiyata. Muna zaune a baranda da kayan wasa a jikinmu kamar mahaukata, mutanen da ke wucewa suna waiwayenmu. Malam ya iso daga baya, da karyayyen takobin naɗe cikin tawul. Ya zauna kusa da ni. Ni kuma ina kallon tawul ɗin ina jiran ya warware shi ya nuna mini wurin da sanfefa ta ci.

"Ka duba shi jiya?" ya tambaye ni.

"Na duba, Malam. Har mai na shafa masa."

"Da safe wa ya duba maka?"

"Shi."

Malam ya runtse ido ya jingina kai da bango. Ya ce gorar ta farfashe daidai wurin, ba a gane komai, wataƙila ta ciki ta bushe. Ya ce laifinsa ne da ya bari muka ci gaba da tsofaffin takuba a wannan zafin. Na ji shi yana ɗora wa kansa, na ji likitan yana cewa ai shi kansa mai idon ya duba bai ga komai ba, na zauna a tsakaninsu ban ce uffan ba. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a amsar da na ba Malam, kuma ban taɓa yin ƙarya irin ta ranar ba.

Kafin azahar mahaifiyar direban ta zo daga unguwarsu, Al-Sih, surukarta tana riƙe da hannunta. Na miƙe ina jiran ta zage ni, har ina fata. Ta dube ni da jinin ɗanta a rigata ta ce, "Ƙanena, ka ci wani abu kuwa?" Na ce mata ni ne, takobina ne. Ta ce ta sani, an faɗa mata a waya, abin da Allah ya rubuta ne ya biyo ta hannuna, da bai biyo ta nan ba da ya biyo ta kan hanyar Makka da alhazai cike da mota. Ta ce kada in sa wa raina damuwa. Ta dafa kafaɗata, tsohuwar da ɗanta yake ƙarƙashin wuƙa, tana rarrashina.

Idon bai fita ba. Likitocin suka ce sun ɗinke, sauran sai an jira a ga yadda tabon zai zauna. Jiran nan ya kai wata biyu. Kamfaninsa ya ba shi hutu, da sharaɗin sai ya ci gwajin ido kafin ya koma kan babbar mota. Malam ya rufe rumfar na ɗan lokaci, aka fasa zuwa Jidda, ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Ni kuma na zama ɗan gida a Al-Sih. Ni ke kawo maganin ɗigawa, ni ke rubuta lokutansa a takarda in manna a jikin firij, ni ke kai shi asibiti duk mako. Maƙwabta suka fara ba da misali da ni. Duk lokacin da aka cire masa bandeji likita ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne, sai in riƙa ƙirga yatsun a zuciyata kamar zan iya tura masa amsar. Mako na uku ya ga haske. Mako na biyar ya ga hannu yana motsi, muka yi ta hamdala, har na fara gaya wa kaina cewa idan idon ya dawo to ba sai na faɗa ba, an yi an wuce. Na ɗaure shirun nawa a jikin idonsa, ina yi masa addu'a rabi don shi rabi don kaina. Matata ta lura na daina cin abincin kirki, ta ɗauka tausayi ne, na bar ta a haka.

Daga hannu mai motsi idon bai ƙara gaba ba. Ranar gwajin ni na kai shi. Da idon hagu ya karanta allon har ƙasa. Da aka rufe hagun aka bar dama, ya daɗe yana kallon bango, sannan ya yi ɗan murmushi ya ce wa ma'aikacin bai ga ma allon ba. Aka rubuta abin da za a rubuta. Kamfanin ya ce za su ba shi tebur a ofis, ya riƙa tsara wa direbobi lokutan tashi.

Ya roƙe ni in biya da shi Bi'ir Ali ya kwashe kayansa daga motar da yake ja. La'asar ta yi, zafi bai sauka ba. Ya fito da ƙaramar jaka, da darduma, da wata butar shayi, ya shigo ya zauna a gefena. Ban tayar da mota ba. A gabanmu alhazai suna fitowa daga masallaci cikin fararen harami, suna hawa bas-bas, wasu har sun fara talbiyya tun ƙafarsu ba ta taka matakala ba. Ya juya kansa gaba ɗaya yana kallonsu, yadda mai ido ɗaya yake yi.

Na ce, "Akwai maganar da zan gaya maka, kuma kada ka katse ni."

Na faɗa masa duka. Tagar falo, da sanfefa, da man zaitun, da ɓarin da na juya baya. Na faɗa masa yadda na bari likitan nan ɗan Sudan ya wuce na tsaya a gabansa da gangan, don na san shi ba zai bincike ni ba. Na ƙi kallonsa, ina kallon sitiyari. Da na gama na ce ya yi mini duk abin da ya ga dama, ya gaya wa Malam, ya kai ni gaban hukuma, ba zan musa ba.

Wata bas ta cika ta tashi.

"Na ji ta, Kawu," ya ce.

Ban gane ba. Na juyo.

"Tsagar. Da na shafa, yatsana ya ji ta a ƙarƙashin tsirkiya. Wurin ya fi ko'ina santsi, na san an goge."

"Ka ji ta? To don me ba ka yi magana ba?"

Na yi masa tsawa ne, ni, a kan wannan. Shi kuwa ya amsa a hankali.

"Ku ne fa. Yanzun nan kun gama yi mini faɗan tsirkiya, Malam yana tsaye, mutane suna ji. In ce takobin kawuna ya lalace, kuma ya ɓoye? Aib ne, abin kunya. Na ce a raina tunda ku kuka ɗaure, kun fi ni sani."

Na kifa kaina a kan sitiyari na yi kuka, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifina. Na yi lissafin cewa ladabinsa zai hana shi dubawa, ashe ya duba ya gani, ladabin ya hana shi faɗa. Wata biyu ina kai shi asibiti, ina ɗiga masa magani a idon, yana ce mini na gode, kuma ya sani. Ya bar ni na yi kukana bai taɓa ni ba, bai kuma ce ya yafe ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Da na ɗago ya ce abu ɗaya yake so. Malam in na ga dama in faɗa masa, wannan tsakanina da shi ne. Amma Ummi, haka yake kiran mahaifiyarsa, kada ta taɓa ji.

"Ba ta da kowa daga can sai ku," ya ce. "Ido ya tafi, an gama. Kada ku ɗauke mata ƙani kuma."

Na gaya wa Malam a satin. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce kada in ƙara zuwa, kuma daidai ne. Ban sake riƙe takobi ba.

Ita kuwa na cika alkawari. Shekara huɗu ke nan. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci ina zuwa Al-Sih in gaishe ta, don idan ban je ba sai ta kira ta ji ko lafiya. Takan sa a kawo mini abinci, ta zauna tana kallona har sai na ci. Idan baƙi suka shigo sai ta nuna ni ta ce ga ƙaninta, wanda ya tsaya wa ɗanta lokacin da Allah ya jarrabe shi, ta ɗaga hannu ta yi mini addu'a, ta ce Allah ya saka mini da irin abin da na yi masa. Ɗan nata yana zaune a gefe, yakan sunkuyar da kai. Ni ne nake cewa amin.